CIWON HANKALI MAI HAWA DA SAUKA: YADDA ZA A TAIMAKI ƊAN'UWA

A garuruwanmu akwai wani ciwo da mutane ba su gane ma ba. Wasu na cewa iskoki ne, wasu na cewa sammu ne. Lokotoro na kiran shi bipolaire da faransanci, wato mai gefe biyu. Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ce a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 40 ke fama da shi. Yakan fara ma mutum tun yana saurayi ko budurwa. Yakan bi dangi, amma ba a ɗaukar shi wajen cin tuwo tare.

YADDA CIWON YAKE

Ga misali. Magidanci ne mai hankali, mai noma. Kwatsam sai ya daina barci, kuma ba ya jin gajiya. Yana ta zuba magana ba tsayawa. Ya buɗe rumbu ya saida hatsi, ya raba kuɗin a kasuwa. In aka hana shi, sai faɗa. Wannan shi ne hawa. Yakan ɗauki sati guda ko fiye.

Bayan nan sai sauka ta zo. Mutum ya shige ɗaka, ba ya son magana, ba ya son abinci. Yana ganin ba shi da wani amfani a duniya. Tsakanin hawa da sauka yakan koma lafiya lau, wata da watanni. Shi ya sa dangi ke zaton ya warke.

ZUWA ASIBITI

Kada a ɗaure shi da mari. Kada a buge shi. Mara lafiya ne, ba mai laifi ba. A fara kai shi gidan likita mafi kusa, su za su nuna hanya. A babban asibitin Yamai akwai sashen masu ciwon hankali, wanda ake kira Pavillon E.

Wanda zai raka shi ya zama mutumin da ke kwana gida ɗaya da shi. Dalili kuwa, ba awon jini ke nuna wannan ciwo ba, labari ke nuna shi. A gaya ma lokotoro kwana nawa bai yi barci ba, da abin da ya ɓarnatar. In saukar kaɗai aka faɗa, aka ɓoye hawan saboda kunya, ana iya ba shi maganin baƙin ciki shi kaɗai. Wannan kuwa na iya tada hawan.

MAGANAR MAGANI

Magani iri biyu ne. Akwai mai kwantar da hawa, kamar Haldol da Largactil. Akwai mai hana ciwon dawowa, kamar litiyom, Dépakine da Tégrétol. Lokotoro ke zaɓe, amma da shawarar mara lafiya da danginshi. Kowane na da abin lura:

1. Haldol na iya sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba. Wannan na da gyara. A koma a faɗa.

2. Mai shan litiyom sai an riƙa auna jininshi. Lokacin zafi ya sha ruwa da yawa. In amai ko zawo suka kama shi, ko yana tangaɗi, kada ya ƙara sha sai an kai shi asibiti ranar nan.

3. Dépakine na lahanta ɗan da ke ciki. Macen da ke haihuwa ta faɗa ma lokotoro tun kafin a rubuta mata.

4. Mai shan Tégrétol, in ƙuraje suka feso mashi a jiki, a gaggauta komawa.

Kafin a zaɓi magani, a tambayi kuɗinshi da inda ake samun shi. Maganin da ba a iya saye kowane wata ba zai riƙe mutum ba. Kada a saya wajen masu talla a kasuwa.

Babban kuskure shi ne barin magani don an ji sauƙi. Sauƙin nan aikin magani ne. In aka yanke shi, ciwon yakan dawo. Ko azumi ya zo, a nemi shawarar lokotoro kafin a sake lokacin sha. Addu'a ba ta hana magani, a haɗa su.

AIKIN ƳAN GIDA

Mutum ɗaya ya riƙe maganin, ya riƙe ranar komawa. Wanda ya koyi rubutu a cibiyar yaƙi da jahilci ya samu ɗan littafi, ya riƙa rubuta barcin mara lafiya kullum. Rashin barci dare biyu ko uku alama ce ta hawa.

Lokacin da yake lafiya, a zauna da shi a yi shawara: wa zai riƙe makullin rumbu in ciwon ya taso? Abin da aka shirya da yardarshi ba ya zama cin mutunci.

A nisanta shi da wiwi, da giya, da tramol. In ya ambaci kashe kanshi, kada a ɗauka wasa ne. A ɓoye maganin ƙwari da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Mace mai wannan ciwo, a sa mata ido sosai bayan haihuwa.

Mai jinya ma na gajiya, don haka dangi su riƙa karɓar juna. Mai wannan ciwo, in ya riƙe maganinshi, yana noma, yana aure, yana riƙe gidanshi kamar kowa. Wanda ya karanta wannan labari ya karanta ma maƙwabcinshi.