Kalmomin Hausa na binciken ARN: matsala da shawara

Kyanda, shan inna da gudawar rotabirus, waɗanda ma'aikatan lafiya na gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji suka sani sarai, suna da asali iri ɗaya: ƙwayoyin da ke kawo su ARN ne gadonsu. Daga 2014 an gwada wata allurar rigakafin rotabirus a Madarumfa, cikin jihar Maraɗi, a kan jarirai kimanin 3.500. Irin wannan bincike ba ya halatta sai da yardar iyaye, yarda kuwa ba ta inganta sai da fahimta.

1. Ma'ana. ADN kundi ne da ke ajiye cikin tantanin jiki. In jiki yana bukatar wani sashe na kundin, sai a kwafe shi a kan ARN, kamar yadda almajiri ke kwafe darasi a allo, ya karanta, ya wanke. François Jacob da Jacques Monod ne suka bayyana wannan tsari a Faransa a 1961. Yawan kwafin shi ke nuna ƙwayar gadon da ke aiki.

2. Hanyar awo. Matakai uku ne. Na farko, a tsamo ARN daga jini ko kashi. Da yake yana saurin lalacewa, dole samfurin ya zauna cikin sanyi, ga shi kuwa tsakanin Maraɗi da cibiyar CERMES ta Yamai akwai fiye da kilomita 600. Na biyu, a mai da shi ADN da wani sinadari da Temin da Baltimore suka gano a 1970. Na uku, a riɓanya shi ta hanyar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙago a 1983: kowane zagaye yana ninka adadin, zagaye 30 ya ba da kwafi kusan biliyan ɗaya.

3. Matsalar harshe. Wanda ya yi lakkwal yana cewa ARN, gidajen rediyon Najeriya suna cewa RNA, mai sauraro ya zaci abu biyu ne. Haka nan «ƙwayar halitta» tana ɗaukar ma'anar tantani da ta gado duka. Kalmar «manzo» kuma, ko da ta dace da ma'ana, tana da nauyin addini.

4. Shawara. A keɓe «tantani» ga ɗakin rai mafi ƙanƙanta, «ƙwayar gado» ga sashen kundin, «ARN ɗan aike» ga kwafin, «riɓanyawa» ga PCR. Kafin a shigar da su littattafan yaƙi da jahilci, ya kamata a gwada su a azuzuwan manya na gundumomin uku. Kalmar da uwa ba ta iya maimaita wa kishiyarta ba, ba ta zauna ba tukuna.