Tafi-da-Gidanka: Kwana Biyar a Zangon Masu Gidan Mota

 Yau labarin wani irin zaman gida na kawo muku, wanda na gani da idona a ƙasar Amurka, har na kwana biyar cikinsa. Kun dai san kalmar nan tafi-da-gidanka, wadda yanzu ba mu cika faɗinta ba sai a kan wayar hannu. To, a can akwai mutanen da maganar ta tabbata a kansu sosai. Gidansu mota ne. Ciki suke kwana, ciki suke girki, ciki suke wanka da kewayawa, in wuri ya ishe su sai su ta da inji su yi gaba. Waɗansunsu sun shekara goma ba su da ko ɗaki guda wanda aka kafa bisa ƙasa. Mutanen can suna kiran irin motar nan RV.

Yadda aka yi na gani kuwa, cikin watan Janairu na 2023 aka tura mu wani gajeren kwas na malamai a birnin Phoenix, cikin jihar Arizona. Malamar da ke kula da mu ta ce tana da gwaggo, tsohuwar malamar firamare, mijinta ya rasu, tana zaune cikin mota a wani gari wai shi Quartzsite. Da na ji haka na ce subhanallahi, kuna raye kuka bar gyatuma a bakin titi? Sai ta yi dariya, ta ce in zo mu je, gani ya kori ji. Ni ma Gwaggo na riƙa kiranta, haka kuma zan kira ta a nan.

Daga Phoenix zuwa Quartzsite tafiyar kamar awa biyu ce, a nufi yamma, kusa da iyakar Kalifoniya. Hamada ce fetal, duwatsu da tsakuwa da ƙaya, ga ƙura kamar ta hunturunmu. A ƙidayar 2020 mutanen garin ba su cika 2,500 ba, don da bazara zafinsa yakan wuce digiri 40, ba mai iya zama cikin akwatin ƙarfe. Amma da sanyi ya kama jihohin arewa da Kanada, sai motoci su yi ta kwararowa dubbai bisa dubbai, har ka tsaya bisa tudu ka ga farin rufinsu ya bazu iyakar ganinka. Ana yi wa mutanen nan laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, watau masu gudun sanyi su dawo da ɗumi. Cikin Janairu kuma ake cin babbar kasuwar duwatsu masu ƙyalli da ta kayan mota, a kafa wata ƙatuwar rumfar tamfol.

Abin da Gwaggo ta fara nuna mini a garin kabari ne. An gina shi da duwatsu, mai tsini sama kamar dalar Masar, an ɗora siffar raƙumi a ƙolinsa. Na wani mutum ne Alhaji Ali, wanda sojan Amurka suka ɗauko daga ƙasashen daular Turkawa a 1856 don ya kora musu raƙuma cikin hamadar nan. Bakinsu bai iya faɗin sunan ba, suka mai da shi Hi Jolly. Aikin raƙuman ya watse, shi kuwa ya zauna har ya rasu a nan a 1902. Na tsaya na yi masa addu'a. Ashe tun da can garin na matafiya ne.

Yawancin filin da ke kewaye da garin na gwamnatin tarayya ne, akwai kuwa doka a kansa. Kowa yana iya sauka kyauta, amma kwana 14 kaɗai, sa'an nan ya tashi ya ƙara gaba. Wanda ke son zama ya daɗe sai ya yanki takarda ya shiga wani yanki da ake kira La Posa, daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. A shekarar da na je dala 180 ake biya na watannin nan bakwai duka. Abin da za a ba ka shi ne famfon ɗiban ruwa, da wurin zuba shara, da ramin juye ƙazanta. Ba lantarki, ba inuwa, ba shinge. Ka zaɓi gindin ƙayar da ta yi maka, ka jera duwatsu kewaye da motarka, shi ke nan ka yi gida.

Akwai kuma zangon 'yan kasuwa, irin na kamfanin KOA da aka fara a jihar Montana a 1962. A can kowace mota da gurbinta mai lamba, da turken da za ta jona wuta, da famfo, da bakin bututun ƙazanta, ga ɗakin wanki, wani wurin har da tafkin iyo. Amma fa da tsada. A waɗansu, kuɗin kwana uku ko huɗu ya kai na wata bakwai a La Posa. Waɗansu kuma ba su karɓar motar da ta wuce shekara goma, wai kada ta ɓata musu kyan wuri. Gwaggo takan shiga irin wannan zango sau ɗaya a wata ko wata biyu, ta yi wanka mai daɗi, ta wanke barguna, ta fito.

To, bari mu shiga ɗaki, don na san nan ne hankalinku yake. Tsawon motar ƙafa 24 ne, har da wurin direba. Daga ƙofa sai madafa, murhun gas mai kai uku da ɗan kwamin wanke-wanke wanda babbar tukunyarmu ba za ta shiga ba. Ga firiji mai aiki da gas. Ga tebur da kujeru biyu, waɗanda da dare ake naɗewa su zama gado, nan na kwana. Can ƙurya gadonta, kusa da shi makewayi, wanda in kika shiga kika miƙa hannu biyu kin taɓa bango da bango. Tukwanenta uku, kwanonin ci huɗu, duk na roba ko na ƙarfe. Kowane kabad da sakatarsa, don in za a tashi sai an ɗaure kome, in ba haka ba kwana ɗaya za a sha a tarar da gari da mai sun haɗu a ƙasa. Dokarta ita ce in sabon abu ya shigo, lalle wani tsoho ya fita, ko da riga ce. Na tuna jeren ɗakin amare na gida, kwalla da samira har rufi, na ce a raina, nan kam da an yi kuka.

Ruwa shi ne sarkin gidan. Tanki uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwa mai kyau, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Na ruwa mai kyau galan 40 yake ci, watau garwa goma, shi kuwa take ja har kwana goma in ita kaɗai ce. Wanka sai a buɗe famfo a jiƙa jiki, a rufe, a shafa sabulu, a sake buɗewa a ɗauraye. Gwaggo ta tsaya tana koya mini wannan da ƙarfinta, kamar wani babban ilmi, ni kuwa na bar ta ta gama, kana na gaya mata mu da bokiti guda muka tashi. Butata ma da na zo da ita ta ba ta sha'awa ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin abin da ya fi ta tattalin ruwa ba. Wuta kuwa daga faifan sola ne da ke bisa rufi. In rana ta yi kwana biyu ba ta fito ba, sai a kashe fitilu da wuri.

Ranar juye ƙazanta ita ce ranar da ba a sa ta cikin hoto. Sai an naɗe gida duka, a tuƙa shi zuwa ramin, a bi layi, wani lokaci fiye da awa guda. In layi ya zo kanki ki sa safar hannu, ki jona mesa, ki buɗe na bayan gida tukuna, sa'an nan na ruwan wanka don ya ɗauraye mesar. Na ga tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ta durƙusa tana wannan aiki, bayanta kuma ga wani attajiri mai mota kamar bas ɗin Makka yana jiran nasa layin da tasa safar.

Zancen attajirin nan ya kawo ni ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mutanen zangon iri biyu ne, ko da yake wuta guda suke ji da dare. Akwai waɗanda suka yi ritaya da kuɗinsu, suka sayar da gida don son ganin ƙasa. Akwai kuma waɗanda gida ya fi ƙarfinsu. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 2008, miliyoyin mutane suka rasa gidajen da suka saya da bashin banki, kuɗin haya kuma ya yi ta hawa. Da yawa cikin waɗanda abin ya kayar mata ne masu shekaru, gwauraye da zawarawa, waɗanda fanshonsu bai isa haya ba. Su ne za ki gani cikin ƙananan motocin ɗaukar kaya, da katifa da bokiti. Wani mutum Bob Wells ya fara tara irinsu a Quartzsite, ana koya wa sababbi dabarun zama. Wata 'yar jarida Jessica Bruder ta bi su ta rubuta littafi, Nomadland, a 2017, aka yi fim da shi, ya ci babbar lambar Oscar a 2021. Gwaggo tana tsakiya. Ta ce da ta ci gaba da biyan harajin gida da gyaran rufi, da ba abin da zai rage mata na magani.

Su irin waɗannan ba hutu suke yi ba, ci-rani suke. Cikin Oktoba waɗansu sukan tafi Dakota ta Arewa da Minnesota aikin girbin wata saiwa da ake yin sukari da ita, awa goma sha biyu a tsaye cikin sanyi. Daga 2008 kamfanin Amazon ya yi shekaru yana ɗibar su aikin ɗaure kaya gab da Kirsimeti. Ita Gwaggo da bazara takan hau arewa ta zama sarkin zango a wani dajin gwamnati: ta karɓi baƙi, ta nuna musu gurbi, ta share makewayi, ta hana hayaniya in ƙarfe goma na dare ya yi. Ladanta gurbi kyauta da ɗan abin sayen mai.

Na tambaye ta, to, wasiƙa fa, da lasin tuƙi, da inshora? Gwamnati ba ta san mutum marar adireshi ba. Sai ta nuna mini lasinta, na jihar Dakota ta Kudu, inda ta ce kwana ɗaya tak ta yi a wani zango, ta kai rasit, aka rubuta ta 'yar jiha. Galibinsu can suke zaɓa, ko Texas, ko Florida, don jihohin nan uku ba su karɓar harajin albashi. Wasiƙunta kuwa wani ofis ke tara mata, ya aiko duk inda ta ce.

Zumunci kam akwai shi, ban yi zato ba. In tayar wata ta fashe, kafin ta nemi taimako maza uku sun iso da jak. Matan da ke zaune su kaɗai sukan ajiye motocinsu kusa da juna, in gari ya waye ba a ga wata ta ɗaga labule ba sai a je a ƙwanƙwasa. Da suka ga ina neman alƙibla, washegari na tarar wata maƙwabciya ta jera mini 'yan duwatsu sun nuna arewa maso gabas. Sai dai zumuncin na wata uku ne ko huɗu. Afrilu na yi kowa ya kama hanyarsa.

Inda ban yarda da su ba shi ne wajen yara. Na ga iyali guda da 'ya'ya uku cikin mota, uwar ce ke koya musu, dokar ƙasar kuwa ta yarda a karantar da yaro a gida. Babbar, mai shekara tara, ta san sunayen duwatsu da taurari fiye da ni, karatunta ma ba laifi. Amma da na ba ta ɗan lissafin rabawa sai ta tsaya, uwar ta ce ai ba su kai nan ba, tafiya ta yi yawa bana. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa lissafi bene ne, in aka tsallake matakala guda sai an dawo mata. Ban da wannan, yarinyar ba ta da ƙawar da suka shekara tare. Da za mu rabu ta riƙe mini gyale tana tambaya ko zan dawo baɗi. Babba shi ya zaɓi hanya, yaro kuwa ɗora shi aka yi.

Daren ƙarshe na yi ƙarfin hali na tambayi Gwaggo abin da ke cina: ranar da ido ya gaza tuƙi fa? Ba ta ji haushi ba. Ta ce haƙori da tabarau ba su dame ta ba, ana gangarawa kudu wajen Yuma, a tsallaka da ƙafa zuwa Los Algodones cikin Meziko, a yi su da araha. Babbar cuta ita ce abin tsoro, don likitanta yana wata jiha, ita tana wata. Ta ce akwai wata ƙungiyar masu gidan mota, Escapees, da aka kafa a 1978, tana da wuri a Livingston ta Texas inda tsofaffin da suka kasa tafiya ke ajiye motarsu, a ba su abinci, a kai su asibiti, suna kwana cikin motarsu. Can take so ta ƙare. Na ce ɗiyar ɗan'uwanki fa, ga ta da ɗaki a Phoenix? Ta ce ta sha yi mata tayi, amma ba ta so ta zama kaya a gidan kowa. Na gaya mata a wurinmu tsohuwa ba kaya ba ce, ita ke riƙe da jikoki, ita ake gaisarwa da safe. Ta yi shiru, ta ƙara itace a wuta, ta ce in ba ta labarin kakata.

Da safe ta ba ni wani ɗan farin dutse da ta tsinta a bayan motarta, ni kuma na bar mata butar.