Sabulu, Bilic da Iska: Yaƙi da Ƙwayoyin Bairos a Wuraren Aikin Gini

A wurin da ake gina babban bene, da wuya a sami kayan aikin da hannu ɗaya kaɗai ke taɓawa. Shebur ɗin da wannan lebura ya ajiye shi wancan zai ɗauka, kwanon sarki yana yawo daga kai zuwa kai, baro da tsani da guduma kuwa na kowa ne. Idan rana ta take, mutum talatin suna iya shan ruwa da kofi guda. Wannan ne ya sa lokacin da annobar korona ta ɓarke a shekarar 2020, hukumomin lafiya da kamfanonin gine-gine na ƙasashe da dama suka fito da ƙa'idojin tsabtace wuraren aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan cutar a watan Mayu na 2023. Tun da ƙura ta lafa, ya dace a zauna a tantance wace irin tsabta ce ta tsare rayukan ma'aikata, wacce ce kuma ta zama ɓarnar kuɗi kawai.

Abin da ya faru a Singafo

Singafo ƙaramin tsibiri ne a kudu maso gabashin Asiya, wanda ya shahara wajen tsabta da bin doka. An sami mai cutar korona na farko a can ranar 23 ga Janairu, 2020, kuma a watannin farko duniya ta yi ta yaba yadda ƙasar ta shawo kan lamarin. Sai dai kash, akwai wasu mutane sama da 300,000 da ba a sa su cikin lissafi sosai ba, wato baƙin ma'aikata, yawancinsu daga Bangaladash da Indiya da ƙasar Sin, waɗanda da dama daga cikinsu aikin gini suke yi. Suna kwana a manyan gidajen ma'aikata, mutum 12 zuwa 20 a ɗaki guda, a kwashe su a bayan manyan motoci zuwa wurin aiki da safe, a komo da su da yamma.

A watan Afrilu cutar ta yi ta bazuwa a tsakaninsu kamar wutar daji. A ranar 20 ga watan kaɗai an sami mutum 1,426 da suka kamu, kusan dukkansu mazauna waɗannan gidaje. Aikin gini ya tsaya cik. Zuwa watan Disamba, Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta bayyana cewa gwaje-gwaje sun nuna kimanin ma'aikata 152,000, wato kashi 47 cikin ɗari na mazauna gidajen, sun kamu. Mace-mace ba su yi yawa ba, domin galibinsu matasa ne majiya ƙarfi. Amma abin tambaya shi ne, ta wace hanya ƙwayar ta bi? Ta hannun shebur, ko ta iskar ɗakin kwana? Kafin a amsa, sai an san yadda ita ƙwayar take.

Masu riga da marasa riga

Bairos ƙwaya ce ƙarama ƙwarai. Idan aka jera ƙwayoyin korona 10,000 a layi ɗaya, tsawonsu bai wuce milimita guda ba. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta kuma iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halittar mai rai. Ke nan wadda ta faɗa a kan guduma ba ta ƙaruwa. Jira kawai take yi, tana lalacewa sannu a hankali.

Masana sun kasa ƙwayoyin bairos gida biyu dangane da suturarsu. Kashi na farko suna lulluɓe da wata siririyar riga ta maiƙo, kuma a jikin rigar ne ƙayoyin furotin da suke kama jikin ɗan'adam da su suke kafe. Korona da mura mai zafi da zazzaɓin Lasa da Ebola duk suna cikin wannan kashi. Kashi na biyu ba su da rigar maiƙo, sai wani ƙwanso mai tauri na furotin. A cikinsu akwai norobairos mai jawo amai da gudawa, da bairos ɗin ciwon hanta nau'in A, da na shan-inna.

Abin mamaki shi ne, masu rigar su ne masu saurin mutuwa. Ƙwayar sinadarin sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Wutsiyar takan kutsa cikin rigar bairos ta yayyaga ta, kamar yadda sabulu ke narkar da maiƙon miya a kwano, sa'an nan ruwa ya kwashe tarkacen. Wannan aiki yana bukatar lokaci, shi ya sa ake cewa a cuɗa hannu na aƙalla daƙiƙa 20. Man tsabtace hannu mai alkohol kashi 60 cikin ɗari ko fiye shi ma yana lalata rigar. Marasa rigar kuwa, alkohol bai cika yi musu illa ba. Norobairos yana iya yin kwanaki, har ma makonni, a kan ƙofar bayan gida, kuma ƙwayoyi ƙasa da ɗari sun isa su kwantar da ƙato. Maganinsa wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu, da kuma goge wurin da sinadarin kulorin.

Ɗakin gwaji daban, filin aiki daban

A watan Maris na 2020 wasu masu bincike a Amurka suka buga sakamakon da ya zagaya duniya: ƙwayar korona na iya rayuwa har awa 72 a kan roba da ƙarfen da ba ya tsatsa, awa 24 a kan kwali, awa 4 a kan jan ƙarfe. Nan da nan aka shiga feshi ba ji ba gani, har da tituna da bangaye. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a ɗakin gwaji akan zuba ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, a wuri mai inuwa da daidaitaccen yanayi. Rodin da ya wuni a rana ba haka yake ba, domin zafi da hasken rana suna hanzarta lalacewar ƙwayar. A watan Mayu na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan fesa magani a tituna da kasuwanni, ta kuma hana fesa shi a jikin mutane ko ta halin ƙaƙa. A watan Afrilu na 2021 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa haɗarin kamuwa da korona daga taɓa gurɓataccen wuri bai kai ɗaya cikin 10,000 ba. Babbar hanyar cutar ita ce numfashi, musamman a rufaffen wuri mai cunkoso. Amsar tambayar Singafo ke nan: ɗakin kwana da bayan mota da wurin cin abinci sun fi hannun shebur haɗari nesa ba kusa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa goge-goge ya tashi a banza. Wurin da ya kamata a zuba ƙarfi ne ya sauya. Bayan gida, da famfo, da buta, da kofin shan ruwa, da teburin cin abinci, da sitiyarin injin da direbobi ke karɓa-karɓa, su ne mahaɗar hannaye da bakuna, kuma ta nan ne cututtukan ciki ke bi. Ɗan kwangilar da ya sayi injin feshi mai tsada, alhali leburorinsa ba su da wurin wanke hannu, ya bar jaki yana dukan taiki.

Yadda ake haɗa maganin

Wankewa da kashe ƙwayoyi ayyuka biyu ne, kuma wankewa ke zuwa da farko. Datti da maiƙo da ƙurar siminti suna rufe ƙwayoyin, suna kuma rage ƙarfin kulorin. Saboda haka sai an wanke da sabulu da ruwa tukuna.

Bilic ɗin kasuwa ruwa ne mai ɗauke da sodiyam haifokulorait. Ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara don goge wurare shi ne kashi 0.1 cikin ɗari. Lissafin mai sauƙi ne, malaman kimiyya ma suna iya ba ɗalibai shi a aji. Idan kwalbar ta nuna kashi 5 cikin ɗari, sai a zuba awo 1 na bilic a awo 49 na ruwa. Idan kashi 3.5 ne, awo 1 a awo 34. Inda jini ya zuba, abin da ba baƙo ba ne a wurin gini, ana bukatar kashi 0.5, wato awo 1 na mai kashi 5 a awo 9 na ruwa. A bar wurin a jiƙe na aƙalla minti ɗaya kafin a goge. Haɗin yana rasa ƙarfinsa idan ya kwana ko ya sha rana, don haka kullum sabo ake yi.

Akwai haɗarin da ya keɓanta da wurin gini. Magina kan yi amfani da ruwan asid wajen kankare busasshen siminti daga jikin tayil da bulo. Idan wannan asid ya gamu da bilic, iskar kulorin ce ke tashi, irin gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya halaka mutum. Haɗa bilic da amoniya shi ma yana fitar da iska mai guba. Bugu da ƙari, bilic yana sa ƙarfe tsatsa, yana kuma raunana zaren ɗamarar kariya da masu hawa sama ke ɗaurawa, ba tare da ido ya gani ba. Irin wannan ɗamara da ruwa da sabulu mai laushi ake wanke ta. Alkohol kuwa yana kama wuta, bai kamata a ajiye shi kusa da mai walda ba. Sa'an nan ga hannun birkila, wanda jiƙaƙƙen siminti ya riga ya tsattsage. Man alkohol bai cika aiki a hannu mai ƙura ba, zafi kawai zai yi masa, kuma wanda abu ya yi wa zafi yau, gobe ba zai koma ba. Ruwa da sabulu da safar hannu da man shafawa sun fi masa amfani.

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Singafo ta sanar da sababbin ƙa'idoji ga gidajen ma'aikatan da za a gina daga baya. Kada ɗaki ya wuce mutum 12, a bar tazarar mita guda tsakanin gadaje, a inganta shigar iska, a ƙara filin kowane mutum daga murabba'in mita 3.5 zuwa 4.2. Bayan gida da wurin wanka da wurin wanke hannu kuwa, waɗanda a da mutum 15 ke tarayya a kan guda, aka mayar da su na mutum 6, kuma a cikin ɗakin.