Mayflower da Takwarorinsa

Da wuya a sami ɗan makaranta a Amurka da bai taɓa jin sunan Mayflower ba. Shi ne jirgin ruwan da iska ta turo daga Plymouth ta Ingila a shekarar 1620 da fasinjoji 102, ya yi kwana 66 a kan teku kafin ya iso gaɓar Cape Cod. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a zamaninsa sunan ya yi araha kamar Audu a kasuwa. Littattafan tashoshin jiragen Ingila na mulkin Sarki James na ɗaya, daga 1603 zuwa 1625, sun nuna jirage 26 masu wannan suna, wanda ma'anarsa furen watan Mayu.

William Bradford, gwamnan baƙin da suka sauka, ya rubuta tarihin tafiyar filla-filla, amma ko sau ɗaya bai ambaci sunan jirgin ba. Sai a takardar rabon filaye ta 1623 sunan ya fito. To wanne ne daga cikin takwarorin? A 1904 wani mai bincike, R. G. Marsden, ya bi sawun kyaftin ɗin a takardun kotun harkokin teku, ya tsaya a kan Christopher Jones, mutumin Harwich. Ashe jirgin na 'yan kasuwa ne, mai ɗaukar kimanin tan 180, wanda ya saba dakon giya daga Faransa zuwa Landan.

Ƙarshensa babu armashi. Ya koma Ingila a 1621, Jones ya mutu a 1622, kuma a 1624 aka yi wa jirgin kuɗi yana ruɓewa: fam 128 da sule 8 da kwabo 4. Daga nan labarinsa ya yanke.

Wanda ya fi rikita marubuta shi ne Mayflower na 1629. Shi ma daga Ingila ya tashi, shi ma mutanen ikilisiyar garin Leiden, inda wasu fasinjojin na farkon suka fito, ya kwaso zuwa wajen 'yan uwansu, sai dai kyaftin ɗinsa William Peirce ne. Suna ɗaya, hanya ɗaya, kusan jama'a ɗaya. Ba laifin mai karatu ba ne in ya ɗauka tsohon jirgin ne ya dawo. Wannan na biyun ya sake ƙetare tekun a 1630 cikin ayarin jiragen wani jagoran baƙi, John Winthrop, sannan a 1641 ya nufi Virginia da mutum 140, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Haka zancen cewa jirgin 1620 ya koma fataucin bayi. Gaskiya ne an yi jirage masu wannan suna da suka kwashi mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, amma lokacin na Jones ya daɗe da zama tarkace. Akwai kuma wata tsohuwar rumfar ajiya a ƙauyen Jordans na Ingila da wani malami, Rendel Harris, ya ce a 1920 da katakon Mayflower aka gina ta. Masu yawon buɗe ido sun so labarin, masana tarihi kuwa ba su gamsu ba, kuma suna da hujja, tunda ko an tabbatar katakon na wani Mayflower ne, sauran a san wanne.

Akwai kuma takwaran da aka raɗa wa sunan da gangan. An ƙera Mayflower II a garin Brixham, Alan Villiers ya tuƙa shi zuwa Amurka daga Afrilu zuwa Yunin 1957. Tunda babu zane ko hoton na asali da ya rage, sai aka kwaikwayi fasalin jiragen kasuwanci na wancan ƙarni. Shi ne wanda baƙi ke hawa su ɗauki hoto yau a Plymouth ta jihar Massachusetts.