Yadda Ƙasa Ke Zaɓen Muhimman Kayan Aikin Likita

Kalmar "na'ura" takan sa mai sauraro ya tuna da babban ƙarfe mai maɓallai da fitilu. Shi ya sa a nan aka zaɓi "kayan aikin likita", domin abin da ake nufi ya fi na'ura faɗi. Sirinji da safar hannu da ma'aunin zafin jiki duk suna ciki, haka nan injin ɗaukar hoton ƙashi da na wankin ƙoda. Wato duk abin da ake gano cuta da shi, ko jinya, ko rigakafi, wanda kuma aikinsa ba irin na magani ba ne da ke narkewa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan kaya kimanin miliyan 2 a kasuwannin duniya, an karkasa su gida-gida fiye da 7,000. Babu ƙasar da za ta iya sayen su duka, saboda haka dole a yi zaɓe.

Da magunguna aka fara. A shekarar 1977 Hukumar ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko, mai ɗauke da magani ɗari biyu da ƴan kai, ƙasashe da yawa kuma suka tsara nasu a kansa. Kayan aiki sai da suka jira shekara 30, domin a 2007 ne babban taron Hukumar ya zartar da ƙuduri a kansu. Daga baya jeri ya yi ta fitowa bisa ga cuta ko rukunin majinyata: na mata masu ciki da jarirai da yara a 2015, na ciwon daji a 2017, na gwaje-gwajen gano cuta a 2018, na ciwon zuciya da na sukari a 2021. Waɗannan ba doka ba ne a kan kowa. Ma'aikatar lafiya ta kowace ƙasa ce ke dubawa ta ɗauki abin da ya dace da ita.

Kayan aiki sun fi magani wuyar jerawa. Ƙwayar magani, in an adana ta da kyau, aikinta ɗaya ne a Yamai da Landan. Na'ura kuwa ba ta aiki ita kaɗai. Tana bukatar wuta, da ruwa mai tsabta a wasu lokuta, da wanda ya iya sarrafa ta, da wanda ya iya gyaran ta, da ƙananan kayan da take ci kullum.

Saboda haka masana ba daga kundin tallar kamfani suke farawa ba, daga cuta suke farawa. Wace cuta ce ta fi kashe mutane a ƙasar? Wane aiki ne ke magance ta? A wane mataki za a yi aikin, ƙaramar cibiyar lafiya ta ƙauye, ko asibitin gunduma, ko babban asibitin ƙasa? Sai an amsa waɗannan ake zuwa ga sunan kaya.

Ciwon huhu na yara misali ne mai kyau, domin yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5. Yaron da ciwon ya yi wa tsanani yana bukatar iskar oksijin. Amma kafin a ba shi, sai an san jininsa ya rasa ta, ido kuwa ba ya gane haka sai abin ya yi nisa. Ashe ke nan abu na farko shi ne ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijin ɗin jini, wadda ke aiki da batir. Bayan ita sai tambayar inda iskar za ta fito. Tukunyar ƙarfe ba ta bukatar wuta, amma tana da nauyi, tana ƙarewa, kuma sai an kai ta birni an cika. Akwai kuma injin da ke zuƙar iskar ɗaki, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, ya tace ta har ta kai kashi 90 ko fiye. Wannan ba ya ƙarewa, sai dai da an ɗauke wuta ya tsaya. Ƙurar hunturu tana toshe masa matata, zafin bazara kuma yana gajiyar da shi. Asibitin da ke bakin kwalta da wanda ke can cikin daji ba za su ba da amsa ɗaya ba.

Abin da ya faru a wani asibiti a Gambiya a shekarar 2000 ya zama darasi a wannan fanni. An ba asibitin kyautar irin wannan inji fiye da 20, amma ba a jima ba duk suka daina aiki. An ƙera su ne don wutar da ke juyawa sau 60 a daƙiƙa, irin ta Amurka, ita kuwa ta Gambiya sau 50 take juyawa, kamar ta Nijar da Nijeriya. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta, amma ba ta canza yawan juyinta. Niyyar masu kyautar ba ta da aibi. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba kafin a ɗora kaya a jirgi. A wannan shekarar ce kuma Hukumar ta fitar da ƙa'idojin ba da kyautar kayan asibiti, waɗanda a ciki aka nuna cewa mai karɓa ne zai faɗi bukatarsa, kuma abin da bai cancanci aiki a ƙasar mai bayarwa ba, bai cancanta a ƙasar mai karɓa ba.

Matsalar ba ta Gambiya kaɗai ba ce. Wani bincike da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka buga a 2011 ya duba kaya fiye da 100,000 a asibitocin ƙasashe 16 masu ƙaramin ƙarfi, ya gano kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan su ne rashin horo, da rashin tsarin kula da kaya, da raunin abubuwa irin su wuta. Kuɗin saye dai somin taɓi ne. Injin gwajin jini yakan ci gaba da cin kuɗin sinadarai duk tsawon rayuwarsa, sau da yawa kuma ba ya karɓar sinadarin kowa sai na kamfanin da ya ƙera shi. Ƙasar da ta tara inji iri goma daga kamfani goma ta ɗaura wa kanta neman kayan gyara iri goma.

Jerin kuma ba a rubuta shi sau ɗaya a rufe. A 2010 Hukumar ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ɗan katin gwaji mai ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20 ya zama wajibi har a cibiyar da ba ta da madubin likita. Firijin allurar rigakafi mai aiki da kananzir ya ba da wuri ga mai aiki da hasken rana. Wasu kayan ma fita suke yi: Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe barin ma'aunin zafin jiki da na hawan jini masu ɗauke da zaiba, saboda gubar da ke fita idan sun fashe.