Bayanan Agye, Gazawa da Gidan Rumji: A Ina Suke Kwana, Wa Ke Biyan Wutarsu?

Duk wanda ya aika kuɗi ta NITA ko Amana daga kasuwar Gazawa, da ma'aikacin jinya da ya shigar da alƙaluman masu zazzaɓin cizon sauro daga wani asibitin karkara a Agye cikin tsarin DHIS2, da ɗan gudun hijirar Zamfara da hukumar HCR mai kula da 'yan gudun hijira ta ɗauki hoton yatsunsa a yankin Chadakori, kowannensu ya bar bayani a baya. Wannan bayani ba ya zama inda aka haife shi. Yana tafiya zuwa wani gini mai cike da manyan kwamfutoci, mai sanyi dare da rana, ko a Yamai ko a wata ƙasa. Irin waɗannan gine-gine su ake kira cibiyoyin adana bayanai, kuma ba a gina mai girma ko ɗaya ba a waɗannan gundumomi uku. Amma kuɗin tafiyar da su da haɗarin tsayawarsu suna isowa har can.

Abin da ya sa bayanan suka yawaita a bayyane yake. Jihar Maraɗi tana cikin jihohin Nijar mafi cunkoson jama'a, wayar salula ta shiga ƙauyuka, 'yan ci-rani suna turo kuɗi gida ba tare da sun ba direba ba. Tun 2019 kuma dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, kowane kuwa sai an yi masa rajista kafin ya sami taimako. Ga takardun haihuwa na ofisoshin magajin gari, ga takardun gonaki da kwamitocin filaye ke bayarwa. Abin da a da ke cikin littafin sakatare yanzu yana komawa na'ura.

Amsar gwamnati ita ce ta gina nata gidan ajiya. Aikin igiyar fiba mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba kuɗinsa, ya ƙunshi shimfiɗa igiya fiye da kilomita 1,000 zuwa kan iyakokin Aljeriya, Chadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso, tare da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. An tsara aikin tun kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma abubuwa biyu da suka biyo baya sun ƙara masa nauyi. Na farko, takunkumin CEDEAO ya nuna wa hukumomi cewa abin da ke hannun maƙwabci ana iya riƙe shi ranar da aka ɓata. Na biyu, a ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijar kuma, da ba ta da teku, ta sha wahalar tare da sauran. Idan bayanan cikin gida suna cikin gida, katsewar igiya a teku ba za ta hana ofishin magajin gari buga takarda ba. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP da ke kula da ita, wadda aikinta ya fi sauƙi a kan abin da ke cikin ƙasa.

Hujjar tana da ƙarfi. Rauninta yana wajen wuta, kuma a nan ne Gazawa ta shigo cikin zancen.

Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha ta daɗe tana zuwa ne daga Katsina ta layi mai kilovolt 132 da ke sauka a tashar Gazawa, daga nan a raba ta gabas da yamma. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya take. Da Najeriya ta yanke ta a farkon Agusta 2023, sai da aka kai Maris 2024 kafin ta dawo. Kayan aro ba ya rufe katara. Mai shago yana iya kunna fitila ya ci gaba da ciniki, amma kwamfutar ajiya ba ta san haƙuri ba: ɗaukewar wuta ta daƙiƙa kaɗan tana iya lalata abin da ake cikin rubutawa. Shi ya sa kowace cibiya ta ƙwarai take da batura da janareto da tankin gazuwal, kuma kuɗin waɗannan, shekara bayan shekara, yakan ci fiye da yadda masu tsara kasafi suka zata.

Sai zafi. Ana son ɗakin kwamfutocin ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura 40. Na'urar sanyaya ɗaki za ta yi aiki ba hutu, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatanta. Kayan gyara duk daga waje ake sayo su da kuɗin waje, hanyar Kwatano kuwa ta taɓarɓare tun da aka rufe iyakar Benin. Injiniyan da ya iya aikin ma, sai an biya shi abin da zai hana shi tafiya Abijan ko Legas.

A duniya kuwa abin gaba yake yi da gudu. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma za su ninka haka kafin 2030, galibi saboda ƙirƙirarriyar basira. Cibiya ɗaya ta irin wannan aiki tana iya shan megawat 100. Madatsar Kandaji da ake ta jira, in an gama ta, megawat 130 za ta bayar. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, shiga wannan tsere ba shi da ma'ana, duk wanda ya zo da shi a taron bita yaudarar kansa yake. Ko a Legas, inda kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne a 2022, masu cibiyoyin sun dogara ne da nasu injinan wuta.

Fasahar da ta fi shafar karkarar Maraɗi ita ce Starlink, wadda ta fara aiki a hukumance a Nijar a 2025. Faranti ɗaya da 'yan allunan sola sun isa su haɗa ofishi a Gangara ko Gidan Sori da duniya. Alheri ne babba ga asibiti da makaranta. Sai dai tana ja zuwa akasin abin da cibiyar Yamai ke nufi: bayanin ya tashi sama ya sauka a wata ƙasa, kuɗin wata-wata ya bi shi, Niger Telecom da sauran kamfanonin gida su rasa masu biyan da za su riƙe igiyar da aka shimfiɗa da bashi.

A ganina, gina babbar cibiya a waɗannan gundumomi ɓarnar kuɗi ce, barin komai a gini ɗaya a Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, shi ma ganganci ne. Abin da ya dace shi ne ƙaramar cibiya ta biyu a jihar, mai sola da batura, wadda za ta riƙe kwafin takardun haihuwa, na gonaki da na asibitoci, ofisoshin gunduma kuma su iya aiki ko layi ya yanke, su aika in ya dawo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan a Maraɗi don horar da masu kula da ita. Hukumar ANSI mai kula da fasahar sadarwa da ƙananan hukumomi su sa kuɗin batura, gyara da albashin ma'aikaci cikin kasafin kowace shekara kafin su amshi kyautar kwamfuta daga kowane mai tallafi.