Kano Pillars: Tarihin Masu Gida

In an gama girbi, aka ɗaure dammunan hatsi aka zuba cikin rumbu, sai filayen gari su cika da samari. Daga Tasawa har Mayahi, daga Maijirgi har Kanambakashe, da wuya ka je gari da la'asar ba ka tarar ana buga ƙwallo ba. Wasu da takalmi, wasu ƙafa a ƙasa. Duwatsu biyu sun isa a yi gida. Amma sau da yawa ƙungiyar gari ba ta daɗewa. Bana a kafa ta, baɗi ta watse.

Mi ke sa ƙungiya ta daɗe? Mi ke kashe ta? Bari mu duba labarin wata ƙungiya da ke kusa da mu. Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Kano, ko yake sauraren radiyo, ya san sunanta. Ita ce Kano Pillars. Ma'anar sunan shi ne ginshiƙan Kano. Magoya bayanta kuwa kirari suke yi mata, su ce: "Sai Masu Gida!"

Uku sun zama ɗaya

Kafin shekarar 1990, akwai ƙungiyoyin ƙwallo da dama cikin birnin Kano. Kowace da ƴan wasanta, kowace da magoya bayanta. A shekarar 1990 sai aka haɗa uku daga cikinsu: WRECA, wato ta ma'aikatar ruwa, da Kano Golden Stars, da ta bankin da ake kira Bank of the North. Daga wannan haɗin aka sami Kano Pillars. Gwamnatin jihar Kano ce ke riƙe da ita. Launin rigarta rawaya da kore.

Kun ga, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da aka haɗu, gwanaye sun taru wuri guda, masu kallo ma sun zama tsintsiya ɗaya.

Jira na shekara 18

To amma haɗuwa ba ta kawo kofi nan take ba. Babbar gasar Nijeriya tana da wuya. Ana yin wata da watanni ana bugawa. Kowace ƙungiya za ta karɓi ƴar'uwarta a gida, ita ma ta je can. Wadda ta ci wasa ta sami maki 3. In aka yi kunnen doki, kowa ya sami maki 1. Wadda aka ci ba ta da komi. A ƙarshe, wadda ta fi maki ita ce zakara.

Sai a shekarar 2008 Pillars ta zama zakara karo na farko. Ku lissafa da kanku: daga 1990 zuwa 2008, shekara 18 ke nan ana jira. Bayan haka ta sake ɗaukar kofin sau uku a jere: 2012, 2013 da 2014. A shekarar 2019 kuma ta ci kofin ƙalubale a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes ta garin Mina da bugun fenariti.

Filin wasanta shi ne na Sani Abacha, a Ƙofar Mata. Baƙi suna jin tsoron wannan fili. Daga 2003 har 2015 ba wata ƙungiya da ta ci Pillars a gida cikin gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi.

Ranar da aka girgiza Masar

Abin da Kanawa ba su mantawa da shi ya faru a shekarar 2009. Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta birnin Alƙahira. Al Ahly ita ce ke riƙe da kofin a lokacin. Mutane da yawa sun ce ai an gama, Pillars ta tattara kayanta.

A Nijeriya aka tashi 1 da 1. A Alƙahira aka tashi 2 da 2. A dokar wancan zamani, in ci ya zo daidai, wanda ya fi zuba ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Pillars ta zuba 2 a Masar, Al Ahly ta zuba 1 kaɗai a Nijeriya. Da haka Masu Gida suka fitar da zakaran Afirka. Sun ci gaba har wasan kusa da na ƙarshe. Can ne Heartland, wata ƙungiya ta kudancin Nijeriya, ta tsayar da su.

Ƴan wasa biyu

Ahmed Musa yana saurayi ya buga wa Pillars. A kakar 2009 zuwa 2010 ya zuba ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar. Daga nan ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya je Ingila. A gasar kofin duniya ya zuba wa Ajantina ƙwallo 2 a 2014, ya zuba wa Aisilan 2 a 2018. Duk da haka bai manta gida ba: a 2021 ya komo ya sake sa rigar Pillars.

Na biyu shi ne Rabi'u Ali, wanda ake ce wa Pele. Shi shekara da shekaru ya yi yana yi wa ƙungiyar aiki, har ya zama kyaftin. Ɗaya ya fita duniya ya yi suna, ɗaya ya tsare gida. Ƙungiya tana bukatar irin su duka biyu.

Faɗuwa

Yanzu ga inda ya kamata mu buɗe kunne. A watan Afirilu na 2022, Pillars ta karɓi Katsina United a Kano. Wasu ƴan kallo suka fusata, suka ta da rikici, har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci tarar ƙungiyar, ta kuma zabge mata maki 3. Maki 3 kuwa wasa guda ne cur da ƴan wasa suka sha gumi kansa. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu! Sai a 2023 ta sake hawowa.

Masu jifa suna ganin son ƙungiya ne ya sa su. Ashe ɓarna suka yi mata.

Mu fa?

Kada mu ce wannan sai manyan birane. A nan Nijar ma, Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran ƙasa a 1983, ta sha gaban ƙungiyoyin Yamai.

In samarin unguwa biyu ko uku suna da ƙananan ƙungiyoyi, suna iya haɗuwa. A zaɓi shugaba da ma'aji. A sayi littafi, a rubuta sunan kowane ɗan wasa, da kuɗin da ya shigo, da wanda ya fita. Nan ne karatunmu na yaƙi da jahilci zai yi amfani, don abin da aka rubuta ba ya jawo gardama. In baƙi sun zo wasa, a ba su ruwa, a raka su lafiya. In alƙalin wasa ya busa, a bi, ko da ba a ji daɗi ba. Wanda aka ci yau, gobe shi ne zai ci.

Tambayoyi

1. Ƙungiyoyi nawa aka haɗa aka kafa Kano Pillars?
2. Shekara nawa ta jira kafin kofinta na farko?
3. Mi ya sa aka zabge mata maki a 2022?
4. A garinku, mi ke watsa ƙungiyar samari? Yaya za a gyara?